SHAWARAR MAƘWABTA GAME DA GIDA DA LAMBU: A AUNA KAFIN A BI

Duk ma'aikacin da ya taɓa zama a gidan gwamnati ya san irin hutun da ke ciki. In rufi ya yi yoyo sai a rubuta takarda zuwa Ma'aikatar Ayyuka, in famfo ya lalace sai a tura masinja, kuma ko da za a shafe wata uku ba a zo ba, ai dai an san wanda za a ɗora wa laifi. Ranar da mutum ya tare a gidansa na kansa, ranar ce wannan hutu yake ƙarewa. Daga nan shi ne injiniya, shi ne malamin gona, shi ne kuma duba-gari, alhali kuwa bai karanci ko ɗaya daga cikinsu ba.

Irin waɗannan masu gidaje sun yi yawa ƙwarai a garuruwanmu. Waɗansu sun sami nasu a gidajen da gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta gina tsakanin 1979 da 1983, waɗansu ta hanyar Asusun Gidaje na Ƙasa da aka kafa a 1992, waɗansu kuma bayan 2003, lokacin da Gwamnatin Tarayya ta mai da alawus ɗin ma'aikata kuɗi a hannu, sa'an nan ta shiga sayar da gidajenta. Mafi yawa kuwa da adashi da bashin ƙungiya da kuɗin sallama suka jera bulo ɗaya bayan ɗaya har gini ya kai rufi. Saboda haka in an yi kuskure a kan gidan nan, dukiyar shekara talatin ce ake wasa da ita.

To, ina sabon mai gida yake samun shawara? A majalisar ƙofar gida bayan La'asar, a bakin masallaci, a ofis lokacin da aiki ya lafa. Uwargida kuwa tana samun tata a gidan suna ko ta kan katanga. Wannan al'ada ce mai kyau, kuma mafi yawan abin da ake faɗi ba ƙarya ba ne. An gada ne daga iyaye da kakanni waɗanda suka jarraba suka gani. Sai dai akwai abu guda da ba a cika lura da shi ba, watau gidan da aka jarraba shawarar a cikinsa daban ne da gidan da ake ba da ita a yau. Gidan da na ƙasa ne, mai faɗin tsakar gida, ga garka a baya, ga sarari tsakaninsa da na maƙwabci. Gidan yau na siminti ne a kan fuloti mai ƙafa 50 da ƙafa 100, wani lokaci ma rabin haka, bango a jikin bango. Shawarar ta yi ƙaura daga wancan gida zuwa wannan ba tare da an sake auna ta ba.

DOGON YARO

Shawara ta farko da ake ba wanda ya tare ita ce ya dasa itace, kuma itacen da ake ambata kusan kullum shi ne dogon yaro, wanda waɗansu ke kira darbejiya ko maina, mutanen Nijar kuma su ce bedi. Yadda ya cika garuruwanmu sai mutum ya zaci tun fil azal yana nan, alhali baƙo ne daga ƙasar Hindu. An fara dasa shi a Lardin Borno a 1928, daga nan ya bazu har ya zama inuwar kasuwa da makaranta da bakin titi tun daga Maiduguri har Sakkwato. A kwarin Maggiya da ke jihar Tawa a Jamhuriyar Nijar, tun 1975 aka jera shi layi-layi domin ya kare gonakin gero daga iska.

Masu yabonsa suna da hujja. Yana jure fari, yana saurin girma, kuma yana da ganye a lokacin bazara sa'ad da ake matuƙar bukatar inuwa. Tsofaffin da ke zuba ganyensa a rumbu ma ba camfi suke yi ba. A 1959 wani masanin ƙwari Bajamushe, Heinrich Schmutterer, ya ga fara ta sauka a Sudan ta cinye kome amma ta bar dogon yaro, kuma a 1968 masana a Ingila suka ware sinadarin da ke hana ƙwari cinsa, wanda ake kira azadiraktin. Mai lambu na iya cin moriyar wannan a gida ba tare da ya kashe kwabo ba. A ɓare 'ya'yan da suka bushe, a daka ƙwayar, a jiƙa kimanin giram 50 cikin lita ɗaya ta ruwa ya kwana, a tace da ƙyalle, a fesa wa tumatir ko kuɓewa da yamma, domin hasken rana yana kashe ƙarfinsa da wuri. Ba ya kashe tsutsa nan take, hana ta ci da girma yake yi, don haka sai an maimaita bayan mako guda.

Abin da mai ba da shawara yake mantawa shi ne ya faɗi inda za a dasa. Dogon yaro yakan kai mita 15 ko fiye, saiwoyinsa kuma suna tafiya nesa da inuwarsa. A gidan da, in saiwa ta tsaga katangar ƙasa, sai a kwaɓa ƙasa a liƙe da safe ɗaya. Katangar bulo mai inci 6 a kan harsashi marar zurfi ba ta san wannan sassauci ba. In ta tsage sai rushewa da sabon gini. Bugu da ƙari, saiwa danshi take bi, kuma babu inda ya fi danshi a gidan zamani irin ramin sokawe da mahaɗar bututun ruwa. A wuraren da ƙasa ke da laka, itacen yana shanye ruwan ƙarƙashin harsashi da rani, ƙasar ta tsuke, ginin ya zauna ta gefe guda. Sau da yawa tsagewar da ake ɗora wa magini laifinta, mai laifin yana nan tsaye a bakin taga yana ba da inuwa.

A ganinmu, wanda ba shi da sararin da zai bar taku bakwai ko takwas tsakanin dogon yaro da gini, gara ya dasa shi a ƙofar gida inda hanya ke da faɗi, ya nemi abin da ya dace da tsakar gida. Gwanda tana ba da 'ya'ya cikin shekara guda kuma saiwarta ba ta da ƙarfin ture bango. Gwaiba da lemun tsami da rumman ba sa yin girman da zai dami kowa. Zogale kuwa ko reshensa aka kafa da damina sai ya kama, in kuma ana sare shi daidai ƙugu zai yi rassa da yawa ganyen ya zo inda hannun yara ke kaiwa. Lalle ma yana yin shinge mai kyau, ga amfani ga matan gida.

Lokacin dashe kuma ba ɗaya ba ne ko'ina. Wanda ya zauna a Zariya, inda ruwan shekara yake kai kimanin milimita 1,000, zai ce a dasa da zarar damina ta faɗi. In ɗan Sakkwato ko Damagaram ya bi wannan, ruwan farko ya ɗauke na mako uku, dashen ya ƙone. Can sai an jira ruwa ya zauna sosai, wajen watan Yuli.

Game da mangwaro, akwai wata shawara da ta daɗe tana yawo, wai in ya ƙi haihuwa a buga masa ƙusa ko a sassare shi da adda. Ƙusa dai ba ta ƙara masa kome. Sassarar tana da ɗan tushe, domin in aka yanke ɓawo abincin da ganye ya haɗa yakan taru a sama ya sa fure, amma rauni ne da ke buɗe ƙofa ga ƙwari da ruɓa. Galibi abin da ke damun itacen shi ne daga ƙwallo aka shuka shi, kuma irin wannan yakan ɗauki shekara biyar zuwa takwas, wani lokaci ma 'ya'yan su fito ba irin na uwar ba. Mangwaro mai aure yakan fara cikin shekara uku ko huɗu. Kuɗin da za a ƙara a saye shi a gandun dashe bai kai darajar shekarun jira ba.

TAKI DA RUWAN WANKI

Tun zamanin shirin ciyar da ƙasa na 1976 ake kiran ma'aikata da su yi ɗan lambu a bayan gida, kuma tsadar cefane ta fi kowace gwamnati iya wannan kira. Da mutum ya gyara fangali, maƙwabci zai ce masa ya aika a ɗebo takin juji. Wannan shawara tana da tarihi mai daraja. Manoman kewayen Kano sun shekara aru-aru suna kai itace birni a kan jakuna su komo da taki, kuma da haka suka riƙa noma gona ɗaya kowace shekara ba ta gaji ba, abin da Michael Mortimore ya yi nazari a kansa tun shekarun 1960. Amma jujin wancan zamani toka ce da kashin dabbobi da shara da ragowar abinci. Jujin yau akwai leda, da fasassun kwalabe, da allurai, da matattun batura masu ɗauke da ƙarafa masu guba. Bai kamata a shuka latas ɗin da yara za su ci a kansa ba.

Abin yi mai sauƙi ne. A haƙa rami a kusurwar gida, a riƙa zuba ganyen da aka share da ɓawon kayan miya da kashin awaki ko tumaki da 'yar toka, a yayyafa ruwa, a juya bayan mako biyu ko uku. Cikin wata biyu zuwa uku zai ruɓe ya yi baƙi. Kashin kaji ya fi kowanne ƙarfi, shi ya sa in an zuba shi ɗanye yake ƙone shuka, sai ya ruɓe tukuna.

Haka batun ruwan wanka da na wanki. Da, sabulun salo ake amfani da shi, ruwan ya bi ta gindin gwanda ko ayaba ba abin da ya faru. Garin sabulun wanki na yanzu yana da gishiri mai yawa wanda in ya taru yake sa ƙasa ta daskare, ruwan da aka sa wa bilic kuwa kashe shuka yake yi. Ruwan alwala da na wanke shinkafa da kayan miya, a ba lambu. Ruwan wanka, a ba manyan itatuwa. Kada ɗaya daga cikin na wanka da na wanki ya taɓa ganyen da ake ci ɗanye.

GARA DA ƘWARI

A nan ne shawarar majalisa ta fi haɗari, domin ita wannan ba daga kakanni aka gaje ta ba, daga kasuwa aka tsinto ta. Kakanni azara suke rufi da ita, wadda ake tsagawa daga giginya, kuma gara ba ta cika iya mata ba. Da katako marar ƙwari ya shigo, sai aka koma ga magunguna irin su aldirin da dildirin da lindan, waɗanda dattawa da yawa har yanzu suke ambata da kewa. Yarjejeniyar Stockholm ta 2001 ta haramta biyun farko, aka ƙara lindan a 2009, saboda suna shekaru a cikin ƙasa da ruwa kuma suna taruwa a jikin mutum. Masu cewa a tuttula baƙin mai a kewayen gini su ma su tuna cewa abin da aka zuba a ƙasa rijiya yake nufa.

Gara danshi take so, da itacen da ya taɓa ƙasa. A tone kututturen da aka bari a fuloti, a kwashe ragowar katakon da kafinta ya watsar, kada a jingine itacen girki a jikin bango, a gyara famfon da ke ɗiga. In an ga hanyar ƙasa da ta gina a bango a kankare, a bi ta har inda ta fito. In abin ya kai ga magani, a kira wanda ya san aikin.

Akwai kuma maganin gona mai sinadarin dikilobos da ake fesawa a ɗakin kwana don sauro da kyankyaso. Ba don ɗaki aka yi shi ba, kuma a 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabensa a kasuwanni da kantuna. Haka ƙwayar nan da ake jefawa cikin buhun wake ko masara. Iskar fosfin take fitarwa, mai kisa. Rumbun da yana can waje nesa da ɗaki, amma sito na gidan zamani bango ɗaya ne tsakaninsa da inda yara ke barci. Ma'aikacin da ya sayi hatsin shekara da kaka ya nemi buhun PICS mai leda biyu a ciki, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro aka fara yaɗa shi a Afirka ta Yamma a 2007. Iska yake toshewa ƙwarin su mutu, ba a sa magani ko kaɗan.

SIMINTI BA MAGANIN KOME BA NE

Wani lokaci kuma shawarar zamani ce take cutar tsohon gida. Wanda ya gaji gidan ƙasa a cikin birni akan ce masa ya shafe shi da siminti ya huta da yaɓe. Siminti ba ya kama ƙasa da kyau, in ya tsage ruwa ya shiga ba ya samun hanyar fita, bangon ya riƙa narkewa a ɓoye har ranar da shafen zai zubo gaba ɗaya. Makuba da ake samu daga ɓawon ɗorawa, da laso da ake haɗawa da katsin marina, suna barin bango ya bushe. Magina na gargajiya sun san abin da suke yi.

Masu cewa a daɓe tsakar gida duka da siminti don gudun taɓo su ma rabin magana suka faɗi. Ruwan da ƙasa ba ta sha ba dole ya nemi hanya, kuma hanyar ita ce titi ko harsashin maƙwabci. Ga zafin da daɓen ke riƙewa har tsakar dare a watan Afrilu. A daɓe hanyar tafiya da wurin wanke-wanke, a bar sauran.

RIJIYA DA MASAI

Mun ajiye wannan a ƙarshe ne domin shi ne ya shafi rai. Inda ruwan famfo ba ya zuwa, kowa zai ce maka ka haƙa rijiya, kuma ka nisanta ta da masai. Gaskiya ne. Amma nisan nawa? Abin da ma'aikatan lafiya suka saba bayarwa shi ne mita 30, kuma ƙasan ramin masai ya kasance aƙalla mita ɗaya da rabi sama da inda ruwan ƙasa yake kaiwa. Yanzu mai karatu ya yi lissafi da kansa. Fuloti mai ƙafa 50 da 100 kimanin mita 15 ne da mita 30. Watau sai an sa rijiya a wannan ƙarshe, masai a wancan, kafin a cika ƙa'idar da ƙyar. Sa'an nan in ka yi haka, ka kai masanka bayan gida, to ka kai shi ne gindin katangar maƙwabcinka na baya, wanda mai yiwuwa nan tasa rijiyar take. Shi ma na gefenka yana iya haƙa sokawe taku uku daga taka. Ruwan ƙarƙashin ƙasa bai san iyakar fuloti ba.

Ba ƙaramin abu ake magana a kai ba. Cutar kwalara ta shigo Nijeriya a ƙarshen 1970, kuma tun daga nan take komowa. A 2021 an ƙidaya fiye da mutum 100,000 da ake zaton sun kamu, fiye da 3,000 suka rasu, kuma jihohin Bauci da Jigawa da Kano da Zamfara suna cikin waɗanda abin ya fi shafa. Ban da ita ga zazzaɓin taifot da gudawar yara, waɗanda ba a shelarsu a rediyo amma suna cin albashi a asibiti kowane wata.

Akan ce in ruwa ya yi gurɓata a jefa alif ya kwanta. Ƙwayar zogale da aka daka ma tana yin wannan aiki, kuma matan karkara a bakin kogin Nilu a Sudan sun daɗe da saninta. Duka biyun laka suke kwantarwa, suna rage ƙwayoyin cuta amma ba sa gamawa da su. Ruwa yana iya yin garau kamar hawaye yana ɗauke da cuta. Bayan ya kwanta sai an tafasa ko an sa kulorin. Rijiyar burtsatse ma ba ta tsira ba in ba a toshe kewayen bututunta da siminti daga sama ba, domin ruwan kwata yana iya bin jikin bututun ya gangara.

Wannan matsala ba ta mutum ɗaya ba ce, don haka mutum ɗaya ba ya warware ta. Malaman Malikiyya sun daɗe da gane haka. Wani magini na birnin Tunis a ƙarni na 14, Ibn al-Rami, ya tattara hukunce-hukuncen alƙalai game da katanga da indararo da rassan itace da rijiya da masai tsakanin maƙwabta, duka a kan ƙa'idar kada mutum ya cutar da na kusa da shi. Majalisar da ake zama a ƙofar gida ita ce wurin da ya fi dacewa a yi wannan magana, tun kafin a kira masu haƙa. Gidaje huɗu ko shida da ke haɗe suna iya yarda cewa masai da sokawe duka su koma layin baya, rijiyoyi kuma su zo gaba, ko ma a haɗa kuɗi a haƙa guda ɗaya mai kyau a wurin da ya fi tudu. In an rasa daidaito, akwai ma'aikatan duba-gari a sashen lafiya na ƙaramar hukuma, kuma wannan yana cikin aikinsu.

Wanda rijiyarsa ta riga ta kasance kusa da rami, kuma babu halin sakewa, ya sa zoben kankare, a liƙe mahaɗarsu da siminti a mita uku na sama, a ɗaga bakin rijiyar ya kai gwiwa ko fiye, a yi mata daɓe mai gangare a kewaye, a sa murfi, a kuma ware guga ɗaya da ake ratayewa ba a ajiye ta a ƙasa. Mai shirin haƙa masai kuwa kada ya auna zurfin ruwa da bazara, lokacin da rijiyoyi suka ja baya. Ya leƙa rijiyar maƙwabci a ƙarshen Agusta ko farkon Satumba, ya ga inda ruwa ya tsaya, daga nan ya san iyakar zurfin da raminsa zai yi.